Tambaya Da Amsa: Wayar Wuta Ta Rake, Bulon Tabar Wiwi Da Tsadar Azara

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kayan gini da kayan wuta da ake yi da tsirrai, da alama dai tsadar siminti da rodi ce ta sa kowa ke waige-waige. Na haɗe masu kama da juna, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Injiniya Allah ya ƙara basira. Ni sana'ata wayarin ce anan Kano, wani Alhaji da nake ma aiki ya dawo daga waje yace min wai yanzu a Turai sun daina wayar roba, da rake da waken suya suke yin waya kuma tafi tamu inganci, har yace in nemo masa irinta. Nidai nayi shiru dan kar inyi musu da mai gida amma wlh abin bai shige ni ba, ta yaya rake zai ɗauki wuta? Daga wani mai wayarin, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, amin na gode. Rake kam ba ya ɗaukar wuta, nan gaskiyarka ce, abin da ke cikin waya har gobe jan ƙarfe ne ko alminiyam, a Turan ma haka yake. Maganar Alhaji a kan rigar wayar take, robar nan da kake ferewa kafin ka yi haɗi, kuma nan ɗin ma ba dainawa suka yi ba, ɗan kaɗan ne cikin wayoyin kasuwarsu ake sa wa kayan tsiro.

Yawancin wayar da muke ja a gidaje rigarta PVC ce. Shi PVC sama da rabinsa, wajen kashi 57 cikin ɗari, daga gishiri ake samo shi, sauran daga fetur ko iskar gas, kuma in aka bar shi yadda yake shi ne faif ɗin ruwan nan mai tauri, sai an zuba masa wani mai da ke tausasa shi sannan yake lanƙwasuwa ya zama rigar waya. To wannan man aka daɗe ana ƙorafi a kansa saboda wasu irinsa na taɓa lafiya, har Tarayyar Turai ta taƙaita guda huɗu daga cikinsu a kayan lantarki tun 2019, shiyasa wasu kamfanoni suka koma sarrafa man waken suya da na wasu tsirrai su yi wannan aikin, kamfanin Dow na Amurka ya fito da irin nasa tun 2010. Kaga inda waken suya ya shigo kenan.

Rake kuma labarin Barazil ne. Can suna matse rake su yi itanol da shi, wanda motocinsu ma ke sha, sai kamfanin Braskem ya buɗe masana'anta a garin Triunfo a 2010 mai juya itanol ɗin zuwa roba, tan dubu 200 a shekara a lokacin. Robar da ke fitowa iri ɗaya ce sak da wadda ake yi da fetur, ko a ɗakin gwaji aka kai ta aiki ɗaya suke yi, ba ta fi ɗaukar zafi ba, ba ta kasa ba, kuma ba ta ruɓewa, Allah ma ya sa ba ta ruɓewa don babu mai son wayar da za ta ruɓe masa a cikin bango. Ribarta ta muhalli ce kawai, raken ya zuƙi iskar kabon lokacin da yake girma a gona maimakon a haƙo sabon mai daga ƙasa. Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani saboda tana rikita mutane, wasu masana'antun tsohon man suya ko ragowar man itace na kamfanin takarda suke zubawa a tukunya ɗaya da fetur, sai a kan takarda a ware wani kaso a ce wannan shi ne na tsiro. Kamar ka juye kwano ɗaya na shinkafar gida a buhun 'yar waje ka gauraya, ka ɗebo kwano ɗaya ka ce ga ta gida. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma wayar da ke hannunka ba lallai da wani tsiro mai yawa a jikinta ba.

Abin da ke ba ni dariya in ana kiran abin nan sabon ci gaba shi ne da tsiro aka fara rufe waya tun asali. Akwai wata bishiya a dazukan Malesiya da Indunusiya da ƙaronta ake kira gata-faca, in ya ji ruwan zafi ya yi laushi, in ya huce ya taurare, ruwan teku kuma ba ya cin sa. Da shi aka naɗe wayar tangarahon da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa tsakanin Ingila da Faransa a 1851, da shi aka yi wadda ta ƙetare tekun Atilantika a 1858, wadda saƙon Sarauniya Biktoriya zuwa ga shugaban Amurka ya ɗauki wajen awa 16 kafin ya gama isa, ita kanta wayar sati uku kacal ta yi ta mutu, sai a 1866 aka samu mai ɗorewa. A wannan zamanin ne Legas ma ta samu tata a 1886. To ka san yadda ake samun ƙaron? Sare bishiyar ake yi gaba ɗaya a tsattsaga ɓawonta, abin da ake samu a guda ɗaya kuma bai taka kara ya karya ba, haka aka kwantar da miliyoyin bishiyoyi har ta kusa ƙarewa a wurare da yawa kafin ƙarni na 19 ya fita. Robar fetur da aka gano a kamfanin ICI na Ingila a 1933 ita ta zo daga baya ta karɓi aikin. Yau gata-faca sai wajen likitan haƙori, da shi suke cike jijiyar haƙorin da aka ƙwaƙule. Shiyasa ni in aka ce min abu na tsiro ne ba na saurin tafi, sai na ji wane tsiro ne kuma shekara nawa yake ɗauka kafin wani ya fito a gurbinsa.

Ka gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa abin da ke ƙona gidaje a nan ba rashin rake ba ne, jabun waya ce. A rubuta 2.5 a jiki, wato lambar kaurin jan ƙarfen, alhali cikin bai kai ba, ko alminiyam ko ƙarfe da aka shafe da jan ƙarfe, ka kankare da wuƙa ka ga fari ya fito, ko ka kara mayen ƙarfe ya kama. Ya sa kuɗinsa a waya ta gaske mai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, daga dilan da aka sani, 1.5 a fitilu, 2.5 a soket, 4 a esi da hita, a ja ta cikin faif, a sa bureka daidai ƙarfinta, a yi masa atin mai kyau, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa.

TAMBAYA: Injiniya ɓera ne ya addabe ni, sau biyu yana cinye min wayar mota, bakanike yace wai motocin yanzu da waken suya ake yin wayarsu shiyasa ɓera ke jin ƙanshi. Gaskiya ne ko yana so ne in dinga dawowa? Daga wani direba, Kaduna.

AMSA: Direba, bakaniken naka ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, a Amurka har ƙara masu motoci suka kai wasu kamfanoni a kan haka. Sai dai ɓera ya daɗe yana cin waya tun kafin a fara zancen waken suya, dalili kuwa haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya samu abin gwaguya ya rage su, ga cikin inji da ɗumi da duhu. Ka duba inda kake kwanar da motar, in kusa da buhunan hatsi ne ko bola to ka sauya wuri, ka daina barin ragowar abinci a ciki, ka dinga buɗe bonet kana tayar da ita in za ta daɗe a ajiye. Akwai wani tef mai yaji da ake naɗe waya da shi, wani kamfanin motoci na Japan ma yana sayarwa, in bakaniken zai samo maka ba laifi.

Tunda ka taɓo masu cin waya bari in ƙara da gara, don ita ce ke cin kebul ɗin da aka binne a ƙasa. Ɗaya daga cikin magungunanta da aka daɗe ana amfani da shi a Ostireliya da wasu ƙasashe masu zafi shi ne a ƙara wa kebul ɗin siririyar riga ta nailan mai santsi da tauri yadda bakinta ba zai samu wurin kamawa ba, kuma akwai irin nailan ɗin da daga man zurman ake yin sa, zurman ɗin nan dai da wasu ke ce wa cika-gida, mai fitowa da kansa a bayan gari ba wanda ya kula shi. Faransawa ke yin sa da sunan Rilsan tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma yawancin man daga jihar Gujarat ta Indiya yake fitowa. A dai kula da yara, ƙwayar zurman guba ce. Haka man taransifoma, yanzu akwai na waken suya, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 360 yake kamawa da wuta, na fetur kuwa bai kai rabin haka ba, shiyasa ake son sa a taransifomar da ke cikin kasuwa ko jikin gini.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah Malam ɗakina na kwano ne ba silin, lokacin bazara ni da yara sai dai mu kwana a tsakar gida, kuɗin silin na zamani kuma yafi ƙarfina. Wata ƙawata tace taji ana yin silin da kachala, kachalar nan data cinye mana kogi. Da gaske ne? Daga wata uwa, Nguru.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ƙawarki ta ji daidai, kuma cikin duk tambayoyin yau taki ce ta fi faranta min rai, don kayan a bakin ƙofarku yake kuma kowa neman kai yake da shi. Ku mutanen Nguru da Haɗeja da Gashuwa ba sai an ba ku labari ba, tun bayan da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Chalawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya janye kamar da, ya koma kwanciya duk shekara, kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta ci gonaki da wurin su, ga jan baki da ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa. Irin wannan ce ta sami mutanen kogin Senigal bayan dam ɗin Diama na 1986, su kuma Senigal da Muritaniya suka kafa wani shiri mai suna TyCCAO, suna yin gawayi da ita, suna kuma yin kayan rufi da bulo na laka da kachala. A Jamus ma cibiyar bincike ta Fraunhofer ta yi aiki a kan allunan bango na kachala.

Sirrin yana cikin ganyen, ki karya busasshe ki duba, cikinsa duk ƙananan ɗakuna ne cike da iska, iskar da ke tsare wuri ɗaya kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Kuma yau aka yanke ta, baɗi ta dawo, ba a shuka ba a ban ruwa.

In za ki gwada, a yanko ta a shanya ta bushe ƙarau, in da sauran danshi za ta yi fumfuna ta jawo ƙwari. A saƙa ta da kauri irin na asabari amma a ninka, ta kai kamar faɗin tafin hannu, siririya ba ta tsinana komai. A ɗaure ta ƙarƙashin kwano amma kar ta manne da shi, a bar fili tsakani da 'yan kafofi a bango ta gefe da gefe yadda iska mai zafi za ta samu hanyar fita, a sa raga a kafofin saboda ɓera da jemage. Sai babban abin tsoro, gobara. Busasshiyar ciyawa ce Hajiya, don haka duk wayar da za ta bi ta sama sai a cikin faif, kar a yarda da haɗin waya da aka naɗe da leda ko tef a can ciki, kar a rataya ƙwan fitila mai zafi a jikinta, in da hali a shafe ƙasanta da laka siririya da aka kwaɓa da ramno, tana rage kamawar wuta tana kuma hana ƙura zubowa. Kar a je gudun gara a faɗa gidan zago. In kuma ɗan canji ya ragu a sayi farin fenti a shafe saman kwanon, shi kaɗai ma za ki ji bambanci.

TAMBAYA: Oga naga wani bidiyo a TikTok wai turawa na gina gida da tabar wiwi, toh in gidan ya kama da wuta ai duk unguwa sai ta bugu lol. Meye gaskiyar abin? Daga wani ɗalibi, Jos.

AMSA: Ɗalibi ka kwantar da hankalinka, unguwa ba za ta bugu ba. Irin da suke nomawa don gini sinadarin buguwar da ke cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, kuma ba ganye ake amfani da shi ba, totuwar cikin karan ake daddatsawa a kwaɓa da farar ƙasa da ruwa a zuba tsakanin katako. A Faransa aka fara a shekarun 1980 wajen gyaran tsofaffin gidaje. Ba shi da nauyi, yana tare sanyi da zafi, ba ya saurin kamawa da wuta saboda farar ƙasar, amma ba ya ɗaukar nauyin gini, dole sai da ginshiƙai na katako ko kankare, ciko ne kawai.

A Najeriya dai kar ma ka fara, doka ba ta raba maka wannan iri da wancan ba, NDLEA za ta yi awon gaba da kai kafin ka gama bayani. Gana ce ta yi dokar ba da lasisin noma irin na masana'antu a 2023. Mu kuma me zai kai mu, ga rama. In aka ɗaye ɓawon rama aka yi igiya, farin karan nan mara nauyi da ake bari a ƙone shi ne kusan abin da Faransawan ke saye da kuɗi, kamfanonin Japan sun daɗe suna yin allunan bango da na ƙofar mota da rama. In kana karatun gini ne ga abin da za ka yi furojet a kai.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Rodi yayi tsada sosai, naji ance gora tafi ƙarfe ƙarfi, shin zan iya sa gora a madadin rodi a fila da lintal? Ɗaki biyu ne kawai ba bene ba. Daga wani magini, Lafiya.

AMSA: Barka kadai maigida. A'a, kar ka sa, ko ɗaki ɗaya ne. Maganar gora ta fi ƙarfe ana yin ta ne in an gwada su nauyi da nauyi, wato kilo ɗaya na gora da kilo ɗaya na ƙarfe, a cikin kankare kuwa ba wannan ake nema ba. Gora na shan ruwan ɗanyen kankare ta kumbura ta tsaga shi tun bai kama ba, daga baya ta bushe ta tsuke ta saki jikinsa, sai ka ga tana zaune a rami ba ta riƙe komai, ga kaifin siminti na cin ta a hankali, ga ta da miƙewa in an ja ta kusan ninki goma na ƙarfe, kenan lintal ɗin zai tsage ya lotsa kafin ita ta fara aiki. An daɗe ana gwadawa, har da Amurka, har yau bai zama abin da za a ɗora rai a kai ba.

Inda gora ke da daraja shi ne a bar ta a fili ta yi aikin katako, kuma malaman wannan fanni mutanen Kolombiya ne. Suna da wata ƙatuwar gora da suke kira guadua, da girgizar ƙasa ta afka wa garin Armenia na ƙasar a watan Janairun 1999 ta kashe sama da mutum dubu, an lura gidajen gora da yaɓe da aka kula da su sun fi gidajen bulo marasa rodin kirki tsayawa, saboda ba nauyi kuma suna rausaya su dawo. Yanzu gora na cikin dokar gininsu ta 2010 da babinta na kanta. Wani mai zanen gininsu Simón Vélez shi ya shahara da dabarar cika gaɓar gora da kwaɓin siminti a inda za a ɗaure ta da kusa mai noti, har ya gina wata ƙatuwar rumfa da ita a baje kolin duniya na Hanover a Jamus a 2000.

Kai da ka saba tokare dekin da ita, in kana so ta zama kan ɗaki ko rumfa ko baranda, ka sari wadda ta shekara uku zuwa biyar, da rani, a huda gaɓoɓin da dogon rodi a jiƙa ta cikin ruwan boras da sinadarin borik na sati ɗaya zuwa biyu sannan a shanya a inuwa, zaƙin da ke cikinta shi ke kiran ƙwaro mai mayar da ita gari, in ba a yi maganin nan ba 'yan shekaru kaɗan ta gama. Kar ta taɓa ƙasa, a ɗora ta kan dutse ko kankare, rufi ya zarce ya kare ta daga ruwan sama don ruwa na wanke maganin. Kuma ba a buga mata ƙusa, tsagewa take, sai dai a huda a ɗaure.

TAMBAYA: Salamu alaikum ɗana. Ni dattijo ne, soron gidanmu na gado ya fara zuba, yara sunce a rushe a sa kwano ni kuma ina son a mayar da azara kamar yadda na gada, amma azarar yanzu ga tsada ga rashin ƙwari. Me ya jawo haka, kuma me ka gani? Daga wani dattijo, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina bayanku a kan kar a rushe. Ku da kuke garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, da laka da azara ya ɗaga bakan gizon da masana gini na duniya ke zuwa kallo har yau, ba ni zan gaya muku darajar soro ba, ga sanyi da bazara ga ɗumi da hunturu. A gyara, a cire azarar da ta mutu, a nemi tsohuwa daga gidajen da ake rushewa don sau da yawa ta fi sabuwa, a gyara indararo, a mayar da makuba, ruwan da ke kwanciya a kai shi ke kashe soro ba tsufa ba.

Dalilin rashin ƙwarin kuwa, azarar kirki daga tsohuwar giginya take fitowa, musamman namiji, ɓangaren wajen nan baƙi mai tauri da gara ba ta iya masa, kuma giginya na ɗaukar gomman shekaru kafin ta kai haka. Tsofaffin an sare, yanzu matasa ake kwantarwa, ƙwallon da zai tsiro kuma mun haƙe mun ci muruci. Abin da ya sami bishiyar gata-faca da na faɗa a sama shi ke samun giginya a hannunmu. A Norwe akwai bene na katako mai hawa 18, tsayinsa mita 85, da aka gama a garin Brumunddal a 2019, kuma ba wanda ya ce sun yi ɓarna, don doka ta tilasta wa mai daji ya mayar da abin da ya sare, itacen dazukansu ma ya ninka kusan sau uku cikin shekara ɗari. A yankin Gaya ta Nijar, inda giginya ta fi yawa, sai da aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaronta da shuka sabuwa sannan abin ya fara daidaita.

Shiyasa Baba, gyaran na gado da azara na yarda, amma in jikokinku za su yi sabon ɗaki ba zan ce su nemi sabuwa ba. Akwai rufin laka zalla da ba itace ko ɗaya, a jera ƙananan bulon ƙasa a karkace su haɗu su zama baka ko tulluwa, dabara ce ta mutanen Nuba na kudancin Masar da arewacin Sudan. A Nijar an fara koya wa magina ita tun 1980 a ƙauyen Chikal da sunan gini ba katako, a Burkina Faso kuma wani magini Bafaranshe Thomas Granier da wani manomi Séri Youlou suka kafa ƙungiyarta a garin Boromo a 2000. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai, tsawo kuwa yadda aka so, bangon gefe dole ya yi kauri sosai saboda turin bakan, kuma sai maginin da ya koya a hannun wanda ya iya, ba aikin gani a waya ba ne.

TAMBAYA: Malam muna da injin casar shinkafa, buntu ya taru mana har ƙona shi muke, wani yace tokar ana haɗa ta da siminti. Zan iya buga bulo da ita? Daga wani mai inji, Argungu.

AMSA: Za ka iya Alhaji, amma ba tokar da kuke samu a bayan inji ba. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, in an ƙona shi kuma tokar kusan duk sinadarin yashi ce mai laushi, wadda in ta haɗu da siminti da ruwa tana ƙara masa dauri. Sharaɗin shi ne ƙunar, a hankali cikin tanda da iska ke shiga, zafi kar ya wuce wajen digiri 700, har tokar ta fito fari-fari ko ruwan toka mai haske. Baƙa tana da sauran gawayi, ruwa kawai za ta sha ta raunana bulo, wadda wuta ta yi wa yawa kuma ta zama yashi ba ta kama komai. Bayan nan sai an niƙa ta ta yi laushin siminti, mai niƙan ya rufe hanci da baki da takunkumi na gaske don ƙurarta na lalata huhu.

Ka fara da maye kashi 10 cikin ɗari na simintin, kar ka haura 20, ka buga 'yan kaɗan tare da wasu na siminti zalla a rana ɗaya, ka yi musu ban ruwa fiye da yadda ka saba don mai toka na jinkirin yin ƙarfi, bayan kwana 28 ka kai duka biyun sashen injiniyan gini na jami'a ko kwalejin kimiyya da ke kusa da kai a matse su a inji a ba ka lamba. In ta yi, katanga da daɓe da filasta duk za su ci. Fila da dekin kuwa ka bar su da siminti zalla sai injiniya ya sa hannu.